Kunnen Doki a Gindin Ɗorawa

Ɗakin da nake kwana yanzu a Birnin Gwari, bango ɗaya ne tsakaninsa da gidan kallon ƙwallo. Ba ni na zaɓa ba. Ɗana na fari, wanda nake kira Malam tunda bakina ba ya faɗin sunansa, shi ya kama mana haya a nan bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Kakangi. Duk yammar da ake wasa sai injin wuta ya tashi, samari su cika rumfar, ni kuwa ina kan buzuna ina jin su ta bango. Har na iya gane wasan ba tare da na gani ba. In an zura ƙwallo, rabin rumfar ya ɗauki ihu, rabi ya yi tsit. Amma akwai ranar da za su fito gaba ɗaya suna tsaki, babu mai tsokanar wani, sai ka ji ana cewa, "Duro aka yi. Ɓata lokaci kawai."

Na tambayi Malam mene ne duro, tunda shi yana koyarwa a firamare, ni kuwa karatun bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Ya ce, "Baba, canjaras ke nan. Turanci ne yaran suka lanƙwasa." Ya ce Turawa suna da kalmomi da dama na wannan abu: ta ƙwallo daban, ta tsere daban, har da ta wata irin dararsu in kowa ya rasa inda zai matsa. Ya ce in dawaki biyu suka jero a guje babu mai wuce wani, wuyansu Bature yake dubawa. Na ce to mu kunne muke dubawa, mu ce an yi kunnen doki. Ya yi dariya ya shiga ciki wajen iyalinsa. Ni kuwa ya bar ni da tunanin mutum biyu: kakata Iya, wadda na fara jin kalmar a bakinta, da abokina Bawa, wanda a kan wannan kalma muka rabu babu sallama.

Ɗakin Iya zagayayye ne na jinka, murhu a tsakiya. Da damina, in an ci tuwo an yi lisha, can muke tattaruwa. Ruwa in yana sauka a kan jinka ba ya ƙara, sai dai ka ji kamar ana raɗa a sama. Hayaƙi yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye, amma babu mai fita. Iya tana zaune a kan 'yar kujerarta, ƙafa a miƙe, tana kaɗi. Ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, zare yana fita daga audugar kamar ba zai ƙare ba. Masara tana gefen garwashi tana fashewa, mu kuma idonmu a kanta.

Bawa ɗan Gwarawan ƙetaren rafi ne. Uwarsa takan ɗauko itace a kafaɗa ta sauke wa Iya, Iya ta ba ta daddawa, su zauna suna hira rabi Hausa rabi Gwaranci. Damina ɗaya aka haife mu, tsawonmu ɗaya, har ƙwaurin ƙafarmu iri ɗaya. In rafi ya kawo ruwa, a wajenmu yake kwana, tabarma ɗaya, muna jan mayafi. Babu abin da ba mu yi gasa a kansa ba: wa zai riga cinye masara, wa ya fi kama fara, wa zai fi daɗewa a ƙafa ɗaya in ana langa. Bambancinmu guda ne. Bawa in an yi daidai, dariya yake yi. Ni kuwa sai in ji kamar an ƙwace mini abu a hannu.

A ranar da nake son ba da labari, tsere muka yi daga bakin rafi zuwa ɗakin Iya, a kan duk wanda ya riga taɓa asabarin ƙofa shi ke da babbar masara. Muka taɓa tare. Na ce ni na riga, ya ce tare muka zo, na cakumi wuyansa, muka faɗo cikin ɗakin da asabarin gaba ɗaya.

Iya ko mazarinta ba ta ajiye ba. Ta ce, "Kai, ni Allah ya haɗa ni da aiki. Maza biyu gare ni, babu mai kawo cefane, sai dambe a ƙofar ɗakina. Me aka yi kuma, maigida?"

Na faɗa mata ina haki. Ta ce, "Ina kallonku ta tsagar asabari. Kunnen doki kuka yi."

Na ce, "Mene ne kunnen doki?"

Ta miƙo hannu ta kama kunnuwana biyu ta ja. "Gobe ka je ka tsaya a hanya in mai gari zai wuce. Ka duba dokinsa da kyau, ka dawo ka gaya mini wane kunne ne ya riga ɗan'uwansa isa kasuwa."

Bawa ya fashe da dariya. Ni na koma gefe na haɗe rai. Iya ta karya babbar masarar gida biyu, na ƙi karɓar rabina. Ba ta lallashe ni ba. Ta dubi wuta ta ce, kamar yadda ta saba farawa, "To, ga wata ta taso daga daji, ƙafarta duk raɓa." Sauran yara suka amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." Ni ban amsa ba, amma kunnena yana wajen.

Ta ce an yi wasu samari biyu manoma, aminan juna. In an je gayya, ɗaya kullum kunyar hagu yake kamawa, ɗaya ta dama, har aka manta sunayensu na yanka, ana kiransu Na-Hagu da Na-Dama. Wata shekara maƙerin garin ya ƙera garma da ƙarfen da aradu ta jefo, garmar da ba ta dakushewa. Sarkin noma ya ce duk wanda ya riga kai ƙarshen kunyarsa a gonar mai gari, garma tasa ce. Aka buga ganga, samari suka sunkuya. Kafin rana ta yi zafi an bar kowa a baya, sai su biyun nan, ƙasa tana tashi a bayansu. Suka kai ƙarshe, suka miƙe tare.

Sarkin noma ya tambayi makaɗi wa ya riga. A nan Iya takan shaƙe murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ido biyu gare ni, kowanne ya ga nasa gwanin." Aka tambayi balbelar da ke kan bishiya, ta ce ita daga sama kai biyu ta ga sun ɗago lokaci guda. Aka tambayi tururuwar da ke da gida a ƙarshen gonar. Iya ta ƙanƙance murya kamar ta jariri, "Ni dai ƙasa biyu ta zubo mini a ka, ban san wadda ta fara ba, a bar ni in ji da ciwon wuyana." Har ni mai fushi sai da na yi murmushi a ɓoye.

Aka ce a sake. Suka sake a wata gona, kunnen doki. Suka sake a wata, kunnen doki. Suka huɗe gonakin tsofaffi da na gwauraye, suka huɗe har bakin daji, har suka dangana da kogin Mariga. Gari ya ƙoshi da aikinsu, amma garma tana rataye ba mai ita. Sai Na-Dama ya ce, "Ɗan'uwa, na gaji. Mu riƙe ta tare mana, yau gonarka, gobe gonata." Na-Hagu ya ce, "Garma ƙota ɗaya gare ta. A sake."

Aka sake, a bakin kogi. Da ya rage sara ɗaya a kai ƙarshe, sai Na-Dama ya miƙe tsaye ya dogara da garmarsa, yana kallon abokinsa. Na-Hagu ya kai. Ganga ta ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, aka miƙa masa garmar aradu. Da hayaniya ta lafa ya juya don ya yi wa abokinsa gwalo, sai ya ga babu kowa. Sawun ƙafa kawai ya gani, ya gangara ruwa ya haye.

Wata damina ta zo. Na-Hagu ya ɗauki garmarsa ya shiga gona. Ya huɗa kunya ta farko, ya juyo ya duba, sai ya gan ta a karkace kamar sawun maciji. Ya sake, ta fi ta farko karkacewa. Ashe shi tun da yake bai taɓa koyon duban gabansa ba. Kunyar abokinsa yake kallo ta wutsiyar ido, da ita yake daidaita tasa. Tun daga nan ya riƙa bin gonaki da asuba, ya ɗan toni ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi dama, ya ƙwala kira. Har Allah ya ji tausayinsa ya mai da shi makwarwa. Iya ta ce, "Ita ce kuke ji da sassafe a bayan gari tana ta kira ba mai amsawa. Shi ke nan, ta koma dajinta, ku kuma ku koma tabarma."

Amma kafin mu kwanta sai ta ce, "To, a cikinsu wa ya ci?"

Na yi caraf na ce, "Na-Hagu mana. Ai shi ke da garma."

Bawa, ido rabi a rufe, bakinsa cike da rabin masarata da ya ɗauke ban sani ba, ya ce, "Ni dai da an bar musu kunnen dokinsu, an ci tuwon gayya an tashi."

Iya ta yi dariya har zarenta ya tsinke. Ta ce, "Wannan mijin nawa ya fi hankali, ko da yake cikinsa ne malaminsa." Sannan ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Kai kuwa maigida, duk ranar da ka ci, ka daure ka dubi gefenka kafin ka yi murna."

Ban gane ba. Ina can ina neman masarata.

Iya ta rasu kafin in yi aure. Mu kuma muka girma muka shiga gayya ta gaske, kuma duk gonar da aka je kusa da juna ake jera mu, don makaɗa sun san nan ne kallo yake. Shi ran Lahadi yana cocinsu, ni ran Juma'a ina masallaci. Da layya cinya guda ta gidansa ce. Da Kirsimeti ni yake kira in yanka masa akuya, don in iya ci. Da matata ta rasu, shi ya riƙa zuwa yana zama a zaurena, ba ya cewa komai, har na fara cin abinci.

Da ƙugu ya ƙi noma, sai muka koma dara. Akwai wata ɗorawa a bakin rafin, tsakanin unguwarmu da tasu. A gindinta muka tona gurabenmu a ƙasa. Shi tsakuwa yake zubawa, ni guntayen kara. Duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa guda, har a cinye mutum ya kasa jerawa. Liman yakan wuce ya ce mini, "Sule, da furfurarka kana tonon ƙasa kamar kaza?" Bawa ya ce, "Bar shi, Liman, nan ne kaɗai yake jin maganar wani." Ko da daji ya fara lalacewa, aka daina zuwa gona mai nisa, ana kwana da kunne ɗaya a buɗe, mu dai la'asar tana yi muna gindin ɗorawa.

Wata la'asar darar ta cije. Kowa ya tare wa ɗan'uwansa hanya. In na matsa ya matsa, in na dawo ya dawo. Muka yi ta zagaye har inuwa ta bar mu. Bawa ya karkaɗe hannu ya ce, "Sule, wannan kunnen doki ce. Mu watsa mu sake zubi."

Na ce, "Wane kunnen doki? Ƙirga mana. Na fi ka ɗa guda."

"Ai ba yawa ake ci ba, jeri ake ci. Jera in gani."

Masu kallo suka ce gaskiyar Bawa ce. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce, "Kai tun muna yara haka kake. Ba ka taɓa cin komai ba, sai dai ka ga za a kayar da kai ka laɓe a bayan kunnen doki."

Bawa ya daɗe yana kallona. Sannan ya dafa gwiwa ya tashi, ya ce, "To. Kada kowa ya taɓa su. Gobe ka zo ka nuna mini ta inda za ka ci."

Ban je ba. Na san babu hanya, kuma bakina ya yi mini nauyi in faɗa. Aka riƙa gaya mini cewa kullum da la'asar Bawa yana zuwa ya zauna, ya rufe darar da tsohon faifai ya danne da dutse don awaki. Na ce a raina bari ya ɗan ji jiki, jibi na je. Jibin ta zama wata jibin. Sai wata safiya muka ji ƙarar babura daga daji. Abin da ya faru ranar ba na son bayaninsa. Mu muka bi ta cikin dawa muka yi gabas, mutanen ƙetaren rafi suka yi wani wajen. Ba wanda ya tsaya neman wani.

A nan birni akwai masu dara a ƙofar wani masallaci. Nakan je in tsaya. Suna gaishe ni da mutunci, "Sannu Baba, ya baƙunta?" Amma kowa da abokin wasansa tun na ƙuruciya, da zaginsu da suka saba, da tsohuwar gardamarsu. In an ba ni wuri na zauna, sai in ga hannuna ya rasa dabara. Yaro ma sai ya cinye ni. Ashe ni ba dara na iya ba, Bawa na iya.

An daɗe ban san ko yana raye ba. Sai ran nan Malam ya haɗu da Laraba, matar ƙanen Bawa, tana sayar da doya a kasuwa. Ta ce yana Minna wajen 'yarsa, ido ya yi rauni, ƙafa ta kumbura. Ta ba da lambar 'yar. Da aka samu sabis Malam ya kira, ya sa mini wayar a kunne.

"Wane ne?" Muryar ta tsufa, amma ita ce.

"Sule ne."

"Wane Sulen? Sule mai gardama?"

"Shi."

"Ashe ba su tafi da kai ba."

"Sun duba sun ga ba riba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Muka tambayi juna mutane, wane yana ina, wane ya rasu. Sannan na ce, "Bawa, darar nan ta gindin ɗorawa."

"Ina jin ka."

"Kunnen doki ce. Kuma maganar da na faɗa maka, ka yafe ni."

Sai ya ce, "Sai yau ka gani? To ka makara, Bahaushe. Ni kuma na sake shawara. Tunda idona ya tafi, ita nake kallo a cikin kaina. Akwai hanya. In na janye tsakuwata ta kusurwa, wallahi cinye ka zan yi tas."

Na ji jinina ya motsa kamar na saurayi. Na ce, "Ƙarya kake! Ta ina?"

"A waya zan gaya maka? Taso ka zo, in nuna maka a ƙasa."

Na ce masa hanya ba kyau yanzu, a bari a yi girbi, abubuwa su lafa. Ya ce, "To. Kada dai ka yi irin goben nan taka." Muka yi sallama muna dariya.

Ba a kai ga girbi ba. Wata hantsi na ji sallamar mace a ƙofa. Laraba ce, ba doya a tare da ita. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa, ta ce, "Baba Sule, sai haƙuri. Abokinka ya tafi."

Bayan kwanakin da na yi ban iya fita ba, na zaga bayan ɗakina, wajen 'yar ƙasar da ke jikin bangon gidan kallo, na tona gurabe. Na tsinci tsakuwa, na kakkarya kara, na zuba su yadda muka bar su, don ko ɗaya ban manta ba. Na koma gefen Bawa na zauna, na janye tsakuwar kusurwa. Na bi ta nan, na bi ta can. Na mayar na sake. Na yi ta yi har rana ta faɗi, gari ya waye na koma. Babu hanya. In ya janye wannan tsakuwa, ni ne ma zan jera uku in cinye shi. Kuma Bawa ya fi ni sanin dara, ba zai kasa ganin haka ba. Ya san in ya ce mini ya yi kewata, zan ce Allah ya sada mu, in yi zamana. Ya san abu ɗaya ne a duniya zai iya ɗaga ni ya sa ni a mota, shi ne a ce an ci ni. Da wannan ya kira ni. Ko shi ɗin ma ban je ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya a kan garma ce. Da na girma na ɗauka gargaɗi ne a kan taurin kai, na ce to ai kowa da halinsa. Sai yanzu na ga abin da take nuna mini ta cikin hayaƙin nan. Mutumin da kuka yi daidai da shi, wanda ba ka wuce shi bai wuce ka ba, ba kowa Allah yake ba irinsa ba, kuma ba ya ba da shi sau biyu. Ni an ba ni, na ƙare rayuwata ina neman in ɗara shi da taki guda. Ga shi na ɗara shi. Damina ɗaya aka haife mu, ni na ga wadda bai gani ba. Na dubi gefena kamar yadda Iya ta ce, sai bango.

Jiya ma duro aka tashi. Na ji su suna fitowa suna tsaki, bibbiyu, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa da wanda zai yi wa musu har ƙofar gida. Na so in leƙa in ce musu wani abu, sai na ga ba za su gane ba, kamar yadda ban gane ba. Da ƙafa ta ɗauke, na zaga baya na ɗaga faifan da na rufe darar da shi. Tsakuwar kusurwa tana nan a gurbinta. Na mayar da faifan, na danne da dutse, don awaki.